Sunayen allolin Girkawa mata da ƙasusuwan ɗan Adam: ina suka haɗu, kuma yaya abin yake a jikin dabba?

Rabi'atu, ɗalibar aikin jinya:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da duk masu bibiyar wannan zaure. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya, kuma a wannan zangon karatu an ɗora mana haddar sunayen ƙasusuwan jikin ɗan Adam, waɗanda kusan dukkansu daga Latin ne ko Girkanci. A darasin ƙashin wuya an gaya mana cewa ƙashi na farko, wanda ƙoƙon kai yake zaune a kansa, sunansa atlas, kuma an ɗauko sunan ne daga wani ƙato na tatsuniyoyin Girkawan da, wanda suka ce an yanke masa hukuncin tallafe sama har abada.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, tun da an sami namiji daga cikin ababen bautarsu da aka sa wa ƙashi sunansa, shin akwai wani ƙashi da yake ɗauke da sunan ɗaya daga cikin matan, irin su Atina ko Afrodita ko Artemis? Wata abokiyar karatuna ta dage cewa akwai, amma da na nemi ta kawo sunan sai ta kasa, ni kuma na bi jerin da ke littafinmu daga kai har ƙafa ban ci karo da shi ba. Na biyu, shin waɗannan ƙasusuwan da muke haddacewa suna nan a jikin rago da saniya da kaza, kuma da sunayen nan ake kiransu? Malaminmu ya ambata a taƙaice cewa likitocin farko a jikin dabbobi suka koyi yawancin abin da suka rubuta game da mutum, kuma idan haka ne ina son in san inda jikin mutum da na dabba suka yi daidai da inda suka saɓa. Ba don ina ganin wata daraja ga gumakan nake tambaya ba. Na lura dai sunan da na san asalinsa ya fi zama a kaina fiye da wanda na haddace da ka. Allah ya saka wa wanda ya taimaka da alheri.

Malam Habibu, malamin ilimin ƙirar jiki:

Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Amsar tambayarki ta farko ita ce babu. A cikin ƙasusuwa 206 da ake ƙirgawa a jikin baligi, babu ko ɗaya da aka raɗa wa sunan wata allahiya ta Girkawa. Atlas ne kaɗai ya shigo jerin daga tatsuniya, shi ma kuma ba ya cikin manyan allolin da Girkawa suka ce suna zaune a kan dutsen Olimfus. Yana cikin tsofaffin ƙattin da suke kira Titan, waɗanda aka ce Zeyus, sarkin allolinsu, ya ci su da yaƙi. Ƙashin da ke ƙarƙashinsa, wato aksis, ɗalibai da yawa suna zaton shi ma sunan wani gwarzo ne, alhali kalmar Latin ce mai nufin sandar da ƙafar amalanke take juyawa a kanta. Atlas zobe ne kawai, ba shi da dunƙulen tsakiya irin na sauran ƙasusuwan baya, shi kuwa aksis yana da wani tsini mai kama da haƙori da ya shige cikin zoben, kuma kusan rabin waiwayen da wuya yake yi hagu da dama a wannan mahaɗar yake faruwa. Gyaɗa kai sama da ƙasa kuwa tsakanin ƙoƙon kai da atlas ake yinsa.

Abin da ya sa alloli ba su sami gurbi ba shi ne, waɗanda suka raɗa sunayen suna riƙe da ƙashin ne a hannu, suna juya shi suna neman abin da ya yi kama da shi a gida ko a gona ko a maƙera. Felbis, wato ƙashin kwatangwalo, ma'anarsa tasa. Ramin da kan ƙashin cinya yake shiga a cikinsa, asetabulum, sunan ɗan kofin da Rumawa suke zuba ruwan tsami ne a wurin cin abinci. Tibiya, babban ƙashin ƙwauri, sarewa ce, siririn da ke gefensa kuma, fibula, allurar da suke maƙale mayafi da ita. Ƙasusuwa uku na cikin kunne su ne guduma da uwar maƙera da likkafa, kuma likkafar nan, wadda tsawonta kimanin milimita 3 ne, ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jiki. Akwai bakin garma a cikin hanci, akwai ƙananan ƙasusuwa da suke fitowa cikin jijiya waɗanda aka kira da sunan riɗi. Wasu kuma daga tsuntsaye aka aro: wani tsini a jikin allon kafaɗa an kira shi bakin hankaka, ƙashin ƙarshen gadon baya kuwa, koksis, sunan wani tsuntsu ne dangin ragon-maza, domin an ga ya yi kama da bakinsa. Mu ma ai haka muka yi da muka ce ƙoƙon kai da ƙoƙon gwiwa da allon kafaɗa.

Ina zaton na san abin da ya ruɗi abokiyar karatunki, domin akwai wurare uku da sunan allahiya ya zo dab da ƙashi bai shiga ba. Na farko shi ne zoben ido mai launi, wanda yake buɗewa ya tsuke gwargwadon haske. Sunansa iris, kuma Iris ita ce allahiyar bakan gizo a wurin Girkawa, wadda suka ce ita ake aika da saƙo tsakanin sama da ƙasa. Wannan tsoka ce da fata mai launi, babu ƙashi a ciki. Na biyu shi ne wasu 'yan loɓa guda biyu da ake gani a ƙasan bayan wasu mutane, hagu da dama, sama kaɗan da mazaunai, waɗanda Turawa suka jingina wa Binus, sunan da Rumawa suke kiran Afrodita. Loɓar a fata take, amma tana nuna daidai inda tsinin baya na ƙashin kwatangwalo yake, kuma ki riƙe wurin da kyau, domin a nan likitoci suka fi ɗibar ɓargo idan za a yi gwajinsa. Na uku shi ne agara, wadda littattafai suke kira jijiyar Akilis. Akilis namiji ne, amma labarin na uwarsa ne, Tetis, allahiyar teku, wadda aka ce ta tsoma shi a kogin Sitikis yana jariri don kada makami ya kama shi, ta riƙe shi ta diddige, sai wurin ya zama shi kaɗai ruwan bai taɓa ba. Wani malamin tiyata na jami'ar Leuven a ƙasar Beljiyam ta yau, Philip Verheyen, shi ya shigar da wannan suna cikin littafinsa a 1693. Kafin nan jijiyar tana da wasu sunaye, kuma a jerin sunayen hukuma da masana suka fara tsarawa a birnin Basel a 1895, wanda aka sabunta shi a 1998, sunanta jijiyar ƙashin diddige ne. Tambayarki ta biyu zan bar wa likitocin dabbobi, domin sun fi ni hannu a ciki.

Dakta Hadiza, likitar dabbobi:

Malam Habibu, Allah ya ƙara ilimi. Ƙanwata Rabi'atu, sunayen ɗaya ne, in ban da 'yan canje-canje da tsayuwar dabba a kan ƙafa huɗu ta tilasta, kuma mu ma muna da namu jerin na hukuma tun 1968 wanda aka gina a kan na mutane. Rago yana da atlas da aksis, saniya tana da su, doki da raƙumi da kyanwa duk suna da su. Bambancin yana cikin siffa. Kan mutum a saman gadon baya yake zaune, kuma ƙofar da lakar baya take fita daga ƙoƙon kai a ƙasa take, kusan tsakiya, don haka atlas ɗinsa siriri ne, ba ya bukatar tsoka mai yawa. Kan sa kuwa a gaba yake rataye, ƙofar lakar tana can baya, saboda haka atlas ɗinsa yana da faffaɗan fukafukai hagu da dama inda manyan tsokoki suke kamawa, ga kuma wata jijiya rawaya mai talewa da ta taso daga ƙeya zuwa doron kafaɗa tana ɗauke masa nauyin kai, wadda duk mai cin naman wuya ya san ta, domin ba ta taunuwa komai daɗewarta a wuta. In da adalci za a bi, mutum ne kaɗai ya cancanci a kira ƙashinsa atlas, tun da shi ne yake tallafe kansa daga ƙasa.

Abin da ya fi ba ɗalibaina mamaki shi ne adadin ƙasusuwan wuya. Mutum yana da 7, ɓera yana da 7, raƙumi yana da 7, raƙumin dawa ma, duk tsawon wuyansa, 7 gare shi, sai dai kowane ɗaya yana iya kai santimita 25. Kusan duk dabba mai shayarwa a kan wannan adadi take, kuma waɗanda suka fita daga ƙa'idar kaɗan ne ƙwarai: wasu dabbobi masu nawa da suke rataye a bishiyoyin Kudancin Amurka, sai kuma ayu, wanda muke da shi a kogin Binuwai da kogin Neja. Ayu 6 gare shi, shi ya sa ba ya iya waiwaye sosai, sai dai ya juya jikinsa gaba ɗaya. A nan ne sunan matan tatsuniyar Girkawa ya shigo, domin a 1811 wani masanin dabbobi Bajamushe, Illiger, ya sa wa dangin ayu suna Sireniya, daga Siren, matan da aka ce suna yi wa matuƙa jirgin ruwa waƙa har su halaka. Ƙasusuwan ayu abin kallo ne ga mai nazari. Haƙarƙarinsa kauri gare shi, cike yake tam babu kogon ɓargo, kuma wannan nauyin ne yake taimaka masa zama a ƙasan ruwa yana kiwon ciyawa ba tare da ya taso sama ba. Idan kuma aka buɗe abin da yake iyo da shi, za a tarar da ƙashin damtse ɗaya, na sangali biyu, na wuyan hannu, da yatsu 5, jeri ɗaya da na hannunki.

Tsuntsaye ba su bi ƙa'idar 7 ba. Kaza tana da 14, wasu manyan agwagin ruwa masu dogon wuya na ƙasashen sanyi suna haura 20. Wata ƙaramar mujiya ta ƙasashen Bahar Rum sunanta na kimiyya Athene noctua, daga Atina ɗin da kika ambata, domin mutanen birnin Atina sun ɗauke ta alamar hikima har suna buga hotonta a kuɗinsu na azurfa, saɓanin yadda mu muke kallonta. Mujiya tana da ƙasusuwan wuya 14, kuma ƙoƙon kanta da ƙulli ɗaya yake zaune a kan atlas maimakon biyu irin namu, shi ya sa take iya juya kai har digiri 270, alhali mutum ba ya wuce kimanin 80 zuwa 90 a kowane ɓangare. Tana bukatar hakan, domin idanunta a kafe suke, ba sa juyawa a cikin gurbinsu. Akwai kuma wani babban tsuntsu na Kudancin Amurka mai kama da jimina wanda aka sa wa suna Riya, sunan uwar Zeyus a tatsuniyarsu. Shi da jimina ƙashin ƙirjinsu a shafe yake, babu doron nan mai kaifi da kike gani a ƙirjin kaza ko tattabara, wanda tsokar tashi take kamawa a jikinsa.

Sauran bambancin kuwa a mayanka ya fi saurin fahimtuwa. Haƙarƙarin mutum 12 ne a kowane gefe, mace da namiji, na rago da akuya da saniya 13, na doki da jaki 18. Mahauci yana cire karfatar rago da wuƙa kawai ba tare da ya sari ƙashi ba, saboda rago ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗarmu da ƙirji, tsoka ce kaɗai take riƙe da ƙafarsa ta gaba. Cinya kuwa sai ya ɓalle mahaɗa kafin ta fita. Agarar da Malam ya yi bayani ita ce wadda ake soka ƙugiya a bayanta a rataye rago idan za a feɗe, kuma tsinin da take kamawa, wanda mutane suke cewa gwiwa ce mai kallon baya, diddige ne da ya ɗaga sama ya bar ƙasa. Gwiwar gaskiya tana can sama kusa da ciki. Rago da saniya a kan yatsu biyu suke tafiya, na uku da na huɗu, doki kuma a kan yatsa ɗaya, na tsakiya, kofatonsa kuwa shi ne matsayin farce. Abin da mahaya suke kira gwiwar doki a ƙafar gaba wuyan hannu ne.

Malam Nuhu, mai karatun tarihi:

Ina neman izinin Malam Habibu in yi gyara a wurare biyu kafin in shiga batun likitocin farko. Labarin tsoma Akilis a kogi ba ya cikin waƙar da mawaƙin Girkawa Homa ya yi ta yaƙin Taroy, wadda ita ce tushen labarinsa. A cikinta ma har an ji masa rauni a hannu jini ya zuba. Wani mawaƙin Rumawa mai suna Statius, wanda ya rayu a ƙarni na farko na Miladiyya, shi ne mafi daɗewar wanda aka sami labarin a rubutunsa. Sannan game da iris, kalmar a Girkanci ita ce sunan bakan gizo shi kansa, don haka a ganina ya fi ƙarfi a ce launin ido aka kwatanta da bakan gizo, allahiyar kuma ta yi tarayya da shi a suna ne kawai.

Maganar malamin Rabi'atu gaskiya ce, kuma mutumin da ake nufi shi ne Jalinus, wanda malaman ɗibbu na Musulunci suka sani sarai. An haife shi a 129 Miladiyya a Fergamon, a yammacin Turkiyya ta yau, ya yi aikin jinyar 'yan wasan takobi a garinsu, daga baya ya koma Rum ya zama likitan sarki Markus Oreliyus. A zamaninsa ba a yarda a feɗe gawar mutum ba, duk da cewa an yi hakan a Iskandariyya kimanin shekara 400 kafinsa, a hannun Herofilus da Erasistiratus. Shi da kansa ya rubuta cewa ƙwarangwal ɗin mutum da ya samu ya duba da kyau bisa katari ne: wata gawa da ambaliya ta tono daga kabari, da ta wani ɗan fashi da aka kashe a gefen hanya tsuntsaye suka cinye namanta. Aikinsa na yau da kullum a kan aladu da shanu da tumaki da karnuka yake, musamman kuma wani biri marar jela na Arewacin Afirka, wanda har yau yana nan a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya. Daga nan kurakuran suka fito. Ya ce ƙashin ƙirjin mutum gaɓa 7 ne, kuma haka yake a biri, amma na baligin mutum kashi 3 ne. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙasusuwa biyu ne da suka haɗu a haɓa, kuma haka yake a kare da tunkiya. Ya siffanta wata ragar jijiyoyin jini a ƙasan ƙwaƙwalwa wadda tumaki da shanu suke da ita, mutum ba shi da ita.

Littattafansa sun shiga Larabci a Bagadaza ta hannun Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, suka zama abin dogaro ɗaruruwan shekaru. Wanda ya kamata ɗalibanmu su san sunansa a wannan babi shi ne Abdullaɗif al-Bagdadi. Yana Masar lokacin mummunar yunwar da aka yi wajen 1200, wadda ta kashe mutane har ƙasusuwansu suka taru tsibi a wani wuri kusa da Alƙahira. Ya je wurin, ya duba kawuna fiye da 2,000, ya tarar muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne babu mahaɗa, ya kuma rubuta hakan duk da girman da yake ba Jalinus, bisa hujjar da mu za mu ce gani ya kori ji. Sai bayan fiye da shekara 300 Andreas Vesalius, malamin jami'ar Padua a Italiya, ya buga babban littafinsa a 1543, inda ya feɗe gawawwakin mutane da hannunsa ya nuna wuraren da Jalinus ya ɗora jikin dabba a kan mutum. Shekara 12 bayan haka, a 1555, Bafaranshe Pierre Belon ya zana ƙwarangwal ɗin mutum da na tsuntsu a tsaye gefe da gefe, ya sa wa kowane ƙashi harafi ɗaya da takwaransa. Wannan zanen yana cikin na farko-farkon irin kwatancen da Dakta Hadiza ta yi mana a sama.

Usman, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje:

Na yarda da Malam Habibu cewa babu ƙashi mai sunan allahiya, amma akwai wata da sunanta ya shiga ilimin ƙashi ta wata ƙofar, kuma Malama Rabi'atu za ta gamu da ita idan ta kai darasin ciwon ƙoda. Girkawa suna da wasu mata uku da suka ce su ne masu riƙe da zaren rayuwar kowa: Kuloto tana kaɗa zaren, Lakesis tana auna tsawonsa, Atropos tana yanke shi. A 1997 wani mai bincike ɗan Japan, Makoto Kuro-o, da abokan aikinsa suka bayyana wani ƙwayar gado da idan ya lalace a jikin ɓera sai ɓeran ya tsufa da wuri, ƙashinsa ya yi rauni, jijiyoyin jininsa su ƙandare, ya mutu yana ɗan wata biyu ko makamancin haka. Suka sa masa suna Klotho. Daga baya aka gano cewa furotin ɗin da yake samarwa a ƙoda ya fi yawa, kuma aikinsa shi ne karɓar saƙon wani sinadari mai suna FGF23, wanda ƙwayoyin cikin ƙashi suke fitarwa don su umarci ƙoda ta zubar da rarar fosfet a fitsari. Idan ƙoda ta daɗe tana ciwo Klotho yana raguwa, saƙon ba ya isa yadda ya kamata, fosfet ya taru, lissafin kalsiyam ya rikice, kuma wannan yana cikin dalilan da suke sa masu wankin ƙoda fama da ciwon ƙashi da saurin karaya. A jikin ɓera aka fara ganinsa, sannan aka tabbatar mutum yana da shi, wato hanyar Jalinus ce, sai dai wannan karon an koma an duba mutumin.

Sauran biyun ma ba a bar su ba. Atropos ta ba da sunanta ga wani tsiro mai dafi, daga shi kuma aka sami sunan maganin atirofin, wanda ake ɗigawa a ido ya buɗe iris ɗin da ake magana, ake kuma yi wa wanda ya sha fiya-fiya allurarsa. Lakesis kuwa sunan wani babban maciji ne mai dafi na dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu.

Rabi'atu:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara basira. Dakta, saura abu biyu. Shin koksis ɗin da Malam ya ambata shi ne takwaran jelar dabba, kuma shi ne wanda malaman hadisi suke kira ajbuz zanabi? Sannan akwai ƙashin da dabbobin gida suke da shi wanda mutum ba shi da shi sam, ko wanda mutum yake da shi su ba su da shi?

Dakta Hadiza:

A wajen ƙirar jiki amsar ita ce e, ƙanwata. Gadon bayan mutum ƙasusuwa 33 ne a asali: 7 na wuya, 12 na ƙirji, 5 na ƙugu, 5 da suka narke suka zama ƙashi ɗaya mai suna sakrum, sai na ƙarshe, waɗanda yawanci 4 ne amma suna iya zama 3 ko 5, su ne koksis. A saniya wannan sashen na ƙarshe ƙasusuwa 18 zuwa 20 ne, shi ne jelar da ake yin farfesu da ita. Masu sharhi suna fassara ajbuz zanabi da ƙashin da ke ƙarshen gadon baya, wato wannan wurin, amma bayanin hadisin shi kansa na malamansa ne, a wurinsu ya kamata ki nema.

Muƙamuƙin da Malam Nuhu ya yi magana a kansa za ki iya gwada shi da kanki, domin idan kan rago ya dahu sosai na ƙasan yana rabewa biyu a gaba. Jariri ma da biyu ake haifarsa, su haɗe kafin ya cika shekara biyu, kuma irin wannan haɗewar a sassa daban-daban ita ce take rage ƙasusuwan jariri daga kimanin 270 zuwa 206. Tsinin haɓa da ya turo gaba kuwa mutum ne kaɗai yake da shi, ko birin da ya fi kama da mu ba shi da shi.

Ta ɓangaren dabbobi, tsuntsu yana da zoben ƙananan ƙasusuwa a cikin farin idonsa, kuma ƙasusuwan kafaɗarsa biyu sun haɗe sun zama ɗan ƙashin nan mai baki biyu da ake samu a gaban ƙirjin kaza, amma a kunnensa ƙashi ɗaya ne maimakon uku. Raƙumi yana da ɗan ƙashi a cikin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Saniya kuma tana da ƙashi a cikin zuciyarta, sau da yawa guda biyu, babba da ƙarami, a gindin babbar jijiyar da take fitar da jini, kuma ya fi ƙwari a tsohuwar dabba, shi ya sa wani lokaci wuƙa take cin karo da abu mai tauri idan ana yanka zuciyar sa. Idan kin sami hali ki je mayanka da sassafe ki roƙi mahauci ya ware miki atlas da aksis na rago a haɗe, ki dafa su har naman ya saki, ki goge su, sannan ki kai su ɗakin darasi ki jera su da na ƙwarangwal ɗin da ake koya muku da shi.